Turken Inna Arnora

Daga gonar Birkines, mazaunin yamma na Girinlan
Farkon bazara, bayan ƙanƙarar teku ta fashe

Zuwa ga ƙanena Osur ɗan Ketil, firist a Nidaros ta ƙasar Norwe.

Gaisuwa mai yawa daga yayarka Halbera. Ina roƙon Almasihu wannan wasiƙa ta same ka lafiya. Mu nan da sauƙi. Maigidana Kolbein yana gaishe ka, ko da yake bai taɓa ganin fuskarka ba, kuma ciwon gwiwarsa ya lafa tun da rana ta dawo. Yara lafiya lau, ci kawai suke yi. Hunturun bana ya yi tsawo ƙwarai. Shanu biyu sun mutu a garke, sauran kuwa sai da muka ciccibo su a hannu muka kai su ciyawa don ƙafafunsu sun daina ɗaukarsu. Fatar maraƙin ɗaya daga cikin matattun ce kake riƙe da ita yanzu, saboda haka ka karanta a hankali, ba ni da wata.

Osur, Inna ta rasu.

Kwana tara bayan Kirsimeti ne, da safe. Tari ne ya kama ta tun kaka, ya ƙi sakinta. Ba ta sha wahala sosai ba a ƙarshe, kuma hankalinta na jikinta har ta cika. Ta yi addu'ar da ka koya mata, ta raba kayanta, sannan ta ce, "Ku gaya wa Osur ya riƙa cin abinci. Yaron nan tun yana ƙarami sai an bi shi da kwano." Ka ji maganarta ta ƙarshe a kanka. Na so a ce wata babbar magana ce, amma ba zan ƙara mata gishiri ba.

Majami'armu tafiyar kwana huɗu ce a kwalekwale, ga shi teku ta daskare yadda kwalekwale ba ya ratsawa, ba ta kuma yi taurin da mutum zai taka ba. Ko da mun kai ta ma babu wanda zai karɓe mu, domin tsohon firist ɗinmu ya rasu hunturu uku da suka wuce. Wanda ya rage a ƙasar nan yana can mazaunin gabas, shi kaɗai ga gonaki sama da ɗari, bai taɓa leƙo mu ba. Don haka muka yi mata makwanci a gida, a bayan katangar gona, inda take zama ta sha rana. Kwana biyu muna hura wuta a kan ƙasar kafin ta yarda a tona.

Muka kwantar da ita, muka kafa mata turke a ƙirji kamar yadda ake yi. Kolbein ya so a sa guntun icen da teku ta kawo, na ce a'a, ba Inna ba. Na cire sandar saman masaƙarta, wadda ta zo da ita daga Aislan lokacin da ta biyo ni gidan aure, na sassaƙe bakinta da hannuna. Ni na riƙe ta a tsaye ana mayar da ƙasa.

Ni dai na yi nawa, saura naka. Ka san tun da Inna ta karɓi baftisma ba ta da burin da ya wuce ta kwanta a ƙasa mai tsarki, kuma wannan ba aikin hannuna ba ne. Shekara goma sha tara rabonka da ita. Steingrim mai jirgi, wanda zai ba ka wannan, yana dawowa nan baɗi. Ka biyo shi.

Yayarka,
Halbera

*

Daga Nidaros
Makon da jirage suke tashi

Zuwa ga yayata Halbera 'yar Ketil, alheri da salama daga Ubangijinmu.

Ina gaishe ki, ina gaida Kolbein da yara. Ni lafiya nake, sai dai idanuna sun fara gajiya da ƙaramin rubutu. Yawancin shekara ba na gari. Bishop yana tura ni kwarurrukan cikin ƙasa, wurin mutanen da aka yi wa kakanninsu baftisma da umarnin sarki, amma har yau suna zuba giya a gindin dutse idan saniya ta ƙi haihuwa. Mutanen kirki ne, kawai ba su sami mai koya musu ba. Bana mun kafa 'yar majami'a ta katako a ɗaya daga cikin kwarurrukan, rufinta yana yoyo, amma suna zuwa.

Wasiƙarki ta same ni da kaka. Na yi kuka, Yaya, ba zan ɓoye miki ba. Na yi wa Inna sujada ta matattu sau uku, na sa sunanta a littafin waɗanda muke ambata kowace shekara. Maganar abinci kuwa na ji, kuma ita ce ta fi karya mini zuciya.

Amma akwai wani wuri a wasiƙar da na karanta ya fi sau ashirin, ina fatan idona ne. Hunturu guda na yi ina neman yadda zan tambaye ki.

Shekara huɗu da suka wuce, a wani ƙauye can sama, wani mutum ya mutu, aka ce ba ya kwanciya. Wai ana jin sa a kan rufi, wai shi ne yake busar da nonon awaki. Suka tono shi, suka kai shi mararraba, suka fiƙe ice suka kafa masa a ƙirji don ya daina yawo. Na tsaya a gabansu na ce wannan ba aikin masu bin Almasihu ba ne, suka ture ni gefe. A ƙasar nan ba a yi wa mamaci turke sai an ce fatalwa ne, ko maye, ko wanda ya kashe kansa. 'Ya'yan mutumin nan har yau ba wanda yake cin abinci da su.

Yaya, me Inna ta yi? Wa ya ce tana yawo? Na san tana rera waƙoƙin tsofaffi idan tana saƙa, na kuma san yadda bakin mutane yake a kan tsohuwa baƙuwa. Ko shi ya sa aka zaɓi sandar masaƙarta? Abin da ya fi damuna shi ne kin ce ke kika sassaƙe, ke kika riƙe, kuma kin rubuta shi tsakanin labarin wuta da labarin jirgi kamar kina ba ni labarin shanya kifi. In tilasta miki aka yi, ki gaya mini. In tsoro ne ya kama ki a wannan ƙasa mai dogon duhu, ba zan zarge ki ba.

Ga abin da nake roƙo a matsayin ƙane, nake kuma umarta a matsayin firist. Ranar da kika karanta wannan, ki zare abin nan daga jikin uwarmu, ki ƙone shi, ki cike ramin. Maganar zuwana mu bar ta tukuna. Ba zan iya tsayawa a kan kabarinta yana haka ba.

Ƙaninki mai yi miki addu'a,
Osur

*

Daga Birkines
Bazara ta uku bayan rasuwar Inna

Osur,

Gaisuwa. Muna lafiya, ban da haƙorin Kolbein da ya fita. Ciyawa ta yi kyau bana, maza sun dawo daga farautar arewa da hauren dorinar teku mai yawa. Na gama gaisuwa.

Jirgin Steingrim bai ƙaraso bara ba, iska ta mayar da shi Aislan ya yi hunturu a can. Saboda haka bazara biyu na yi ina hawa tudu ina duban teku, ina cewa yau ƙanena zai sauko. Da jirgin ya zo bana na tsaya a gaɓa ina ƙirga masu saukowa har na ƙarshe. Sai aka miƙo mini fata.

Na karanta ta a fili domin Kolbein ba ya karatu, kuma maƙwabcinmu tsoho Liyot yana nan ya zo aron gatari. Na wuce labarin mutumin mararraba na kai har ƙarshe. Kolbein ya ce, "To ai shi ke nan, firist ya ce a zare. Ki samu sandarki, ni ma in samu wandon da ƙafafunsa suka zo daidai." Ka san tun da na cire sandar nan da karkataccen ice nake saƙa, kowa a gidan nan tufarsa a karkace take.

Liyot kuwa dariya ya yi har da riƙe ciki. Ya ce, "Halbera, wannan ƙanin naki shekara nawa ya yi yana karatu? Wato mu duk fatalwa muke binnewa? Matata shekara bakwai tana ƙarƙashin nata turken. Wannan ko da ranta sai an yi da gaske take leƙa ƙofar gida, balle yanzu ta hau rufi!"

Ni ban yi dariya ba. Na tafi bayan katanga na zauna har aka tatsi shanu ba ni.

Ka saurara, malamin littafi. Ba a soka turke a jikin mutum. A kan likkafani ake ɗora shi, a hankali, daidai ƙirji, shi ya sa na sassaƙe bakin ya yi sumul kada ya yaga mata tufa. Ana mayar da ƙasa a kewaye da shi, kansa yana waje. Turken hanya ce. Ranar da firist ya zo, ko bayan shekara goma ne, sai ya zare shi, ya zuba ruwa mai tsarki a ramin ya gangara har ƙirjin mamaci, ya rera abin da ake rerawa. Daga ranar wurin ya zama kamar harabar majami'a. Haka kowa yake yi a nan tun zamanin kakan Kolbein, domin ƙasar ba ta taɓa samun firist da ya ishe ta ba. Wanda ba a yi wa turke ba shi ne wanda aka fid da rai da shi. Na ba Inna itace mafi ƙwari a gidana don ya daɗe yana jiranka.

Na yarda ban yi maka bayani ba, ban san akwai inda ba a san wannan ba. Amma ka zauna hunturu guda kana tunanin ni Halbera, da na goya ka, na fiƙe ice na caka wa uwarmu? Wannan ya yi mini ciwo, kuma har yanzu yana yi.

Ban zare ba, ba kuma zan zare ba, ko bishop ɗinka ne ya rubuto. In na cike ramin, ta ina ruwan zai bi?

Ga abin da ya kamata ka sani. Kowane hunturu sanyi yana turo turken sama da faɗin yatsa biyu, ƙasa tana zubawa ta ƙarƙashinsa. Ba zan iya buga shi ya koma ba, ka san a kan me yake zaune. Ya fara karkata, na tokare shi da duwatsu. Lokaci ba ya jiranmu.

Yayarka, duk da haka,
Halbera

*

Daga Nidaros
Bayan Idin Tashin Almasihu

Yayata Halbera,

Salama gare ki da gidanki. Ina lafiya, kuma ina cin abinci.

Ki yafe mini. Ba ni da wata kalma da ta wuce wannan. Da na gama karanta wasiƙarki na sauka bakin ruwa na sami Steingrim yana shafa wa jirginsa kwalta, na tambaye shi ko ya san maganar turke. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Uba Osur, ai ko ɗan akuya a Girinlan ya san wannan. Da ka buɗe baki wancan karon da ka ba ni fata fuskarka kamar an yi maka sata, da na gaya maka a tsaye, da ka hutar da maraƙi guda." Ma'aikatansa suka yi ta dariya. Na tsaya na sha, domin na cancanta. Kunya ce ta hana ni tambayarsa tun farko, kada ya san abin da na zaci an yi wa uwata.

Na daɗe ina tunanin wannan al'ada. Babu ta a littafin da na taɓa karantawa. Mutanen da ba su da firist suka zauna suka samo yadda za su bar wa alherin Allah ƙofa a buɗe, ni kuma da nake da littafi na ce a toshe. Na ba mutanen kwari labarin ranar Lahadi, tsofaffinsu suka yi ta gyaɗa kai.

Yanzu maganar zuwa. Na iya ce miki bishop ya hana, amma bai hana ba. Cewa ya yi in na tafi zai rasa mai shiga kwari, in kuma na zauna ba zai ce na yi laifi ba. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. Ke kina gida ranar da kwalekwalen Baba ya kife, ni ina kan dutse ina kallo, shekarata tara, kuma kusa ne har ina jin muryarsa. Sau ɗaya na hau teku bayan wannan, ranar da aka kawo ni nan karatu, kwana goma sha ɗaya ina kwance a ƙarƙashin fatu ina roƙon mutuwa. Na rantse ba zan ƙara ba. Bana na je har bakin katakon hawa jirgi da jakata a kafaɗa, na kasa hawa, na juyo. Ina ganin har fushin da na yi a waccan wasiƙa, rabinsa murna ce na sami dalilin zama.

Ga abin da na iya. Steingrim zai ba ki 'yar buta ta darma, an toshe bakinta da kakin zuma. Ruwan da aka tsarkake ne a daren Idi, da gishiri a ciki. Kada ki bar shi ya daskare, butar za ta tsage. Na tambayi bishop ko mace za ta iya zubawa. Ya ce bai san dokar da ta ba da izini ba, bai kuma san wadda ta hana ba, kuma inda babu firist Allah ba ya raina hannun mai baftisma.

Ranar Mika'ilu shugaban mala'iku, da kaka, idan rana ta kai tsaka, ki zare turken ki zuba. A daidai lokacin zan tsaya a gaban bagade a nan in rera mata sujadar jana'iza tun daga farko har ƙarshe. Na rubuta miki kalmomin da za ki faɗa a bayan wannan fata, da harshenmu. Muryata daga nan, hannunki daga can. Na san ba abin da kika roƙa ba ke nan.

Ƙaninki,
Osur

*

Daga Birkines
Bayan yankan kaka, za ta tafi da jirgin baɗi

Ƙanena Osur,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, rumbu ya cika da busasshen kifi, ganguna sun cika da nono. Na yafe maka tun kafin in kai ƙarshen wasiƙarka. Maganar Baba kuwa, na sani tun da daɗewa. Inna ma ta sani, shi ya sa ba ta taɓa cewa ka zo ba. Ni ce mai taurin kai.

Butar ta iso lafiya, saura mako biyar Ranar Mika'ilu. Ba ta kai dunƙulen hannuna ba. Na rataye ta a wuya a cikin riga, da ita nake tatsa, da ita nake kwana.

Ka manta da abu ɗaya, ma'aikatan jirgi ba su da sakata a baki. Kafin mako ya zagayo duk mutanen mashigin tekun nan sun ji cewa ruwa mai tsarki ya zo gidan Kolbein. Liyot ne ya fara zuwa. Ya zauna ya yi ta zancen ciyawa da tumaki, mutumin da bai taɓa jin nauyin roƙon komai ba. Da zai tafi ya tsaya a ƙofa ya ce, "'Yar nan, ba wai ina roƙo ba ne. Amma in kin gama, ko ɗaurayen butar ne." Washegari Ragna ta gonar ƙetare ta zo, wadda mijinta da ɗanta suka tafi a hunturu ɗaya. Ita kuwa ta kama mini aikin cuku har yamma, idonta na kan wuyana. Haka suka yi ta zuwa. Na zauna na lissafa turakun da na sani a gonakin da kwalekwale zai kai, goma sha bakwai ne, ban da na Inna.

Na ce wa Kolbein me ya gani. Ya ce, "Uwarki ce, ruwanki ne. Amma in kika juye shi duka a rami ɗaya, ni dai ban san da wace fuska zan je aron bijimi ba."

Ka ce tsakar rana, kuma mutum ɗaya ka ce. Na san ka tsaya a gaban bagade kana kiran sunan Arnora. Ni a lokacin ina gonar Liyot da cokalin ƙaho a hannu. Shi ya zare da kansa, turken ya fito da ƙyar, ramin ya tsaya a buɗe baƙi ƙirin. Na zuba rabin cokali, na faɗi kalmominka, na sa sunan matarsa a inda ka rubuta na Inna. Muka kasa kunne, ba a jin komai, amma tsohon nan ya durƙusa ya sa bakinsa a ramin ya ce, "To, Torlaug, ga shi ya zo. Sai ki daina mita." Sannan ya fashe da kuka.

Kwana shida muka yi muna zagayawa, Kolbein yana tuƙi. Na ce a raina Allah ya san nisan gonakinmu, zai iya miƙa tsakar ranarka ta kai. In na yi kuskure, a kaina yake, ka gaya wa bishop haka. A kowace gona sun yi wanka sun sa tufar Idi suna jira a bakin kabari. Wasu turakun guntun filafili ne, wasu ƙashin babban kifi, ɗaya ma ƙafar kujera ce. Yara da yawa ba su taɓa jin addu'ar jana'iza ba, suna ta tambaya wane ne Mika'ilu.

Muka dawo gida da rabin cokali a gindin butar, na Inna. Na je bayan katanga ni kaɗai, na kwashe duwatsun, na kama turken da hannu biyu. Yana motsi, da na ja da ya fito.

Akwai wani kabari a bakin gaɓarmu da ban sa a lissafi ba. Mutum ne da teku ta kawo shekara goma da suka wuce, fuskarsa ba ta ganuwa, sai ɗan gicciye na ƙarfe a wuyansa. Kolbein ya binne shi ya sa masa katakon ganga. Ba mu san sunansa ba, ba mu san ƙasarsa ba, babu wanda zai taɓa aiko masa da buta. Na mayar da duwatsun Inna, na gangara na ba shi ruwan. Inda suna yake a kalmominka na ce, bawanka wanda ka sani.

Ba zan yi maka ƙarya in ce tausayi ne kaɗai ba. Da hannuna yana kan sandar nan na gane cewa in na zuba, ba za ka taɓa zuwa ba. Ni na sani, kai ma ka sani. Kuma akwai turaku a mashigin arewa da ban kai ba, akwai yaran da ungozoma ce kawai ta yayyafa musu ruwa, akwai tsofaffin da suke so su faɗi zunubansu kafin su mutu ba su da kunnen da za su faɗa wa. Mutanen kwarinka suna da bishop kwana uku daga ƙofarsu. Mu ba mu da kowa.

Duk waɗanda na zuba wa ba su da firist a danginsu. Inna tana da ɗa firist. Na gaya mata haka a bakin kabarin, kuma ban ji a raina ta yi fushi ba.

Kolbein ya duba turken ya ce zai kai hunturu biyu kafin ramin ya cike ta ƙasa. Bai yi alkawarin na uku ba.

Yayarka,
Halbera

*

Daga bakin gaɓar da jirage suke tsayawa, mazaunin yamma
Yau da hantsi

Yaya,

Gaisuwa. Lafiyata ba ta da daɗin faɗi. Kwana ashirin da uku a kan teku, kuma ban ga komai ba sai gindin guga.

Na yi fushi da ke mako guda cur, sannan na je wurin bishop. Steingrim ya ɗaure ni a jikin itacen tsakiyar jirgi da roƙona, don kada in canja ra'ayi kafin ƙasa ta ɓace. Na zo da littafi, da man shafewa, da tulu guda na ruwa mai tsarki. Ban yi maganar komawa da kowa ba.

Wani mai kamun kifi zai kawo miki wannan domin ya ce ya san gidanki. Ni ina zaune a kan dutse, ƙasa ba ta daina lilo ba tukuna. Ya ce ta ruwa rabin yini ne zuwa Birkines, ta tudu kwana biyu. Ki aiko da doki, mai sanyin hali.

Kada kowa ya taɓa turken. Ni zan zare shi.

Osur